Fulogin Sun Ƙi Sabuntuwa a Tsohuwar Kwamfutarmu, Maigida Ya Ɗora Wa Yara Laifi

Assalamu alaikum. Muna da kwamfuta ta kan tebur a gida, tun 2012 maigida ya sayo ta, Windows 7 ne a kanta. Da ita nake rubuce-rubucen aikina, yara kuma suna aikin makaranta. A burauzar Chrome akwai fulogin uku, wato ƙananan manhajojin da ake ƙara wa burauza, da muka saba da su: mai toshe tallace-tallace, mai fassara, da mai ajiye kalmomin sirri. Watanni ke nan suna ba mu wahala. Mai ajiye kalmomin sirrin ya daina buɗewa, in na je sabunta shi sai a ce bai dace da burauzata ba. Na koma tsohuwar Firefox da muka daɗe ba mu taɓa ba, na tarar duk fulogin ɗinta a kashe, wai ba a iya tantance su ba. Agogon kwamfutar ma wani lokaci in an kunna sai ya koma wata tsohuwar shekara. Makon jiya wani shafi ya ce a sabunta Flash Player, manhajar nan ta kunna bidiyo da wasanni a shafukan intanet, babban ɗana ya danna, tun daga ranar talla ke ta faɗo mana ta ko'ina. Maigida ya ce yara ne suka lalata ta da wasanni, ya hana su taɓawa, yaron kuma duk ya shiga damuwa. Ni kuma ina tsoron kai ta gyara a goge mini hotuna da takardun shekara da shekaru. Ina mafita?

Daga wata uwa mai 'ya'ya uku

Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Bari in fara da yaron, don shi ya fi ba ni tausayi a wasiƙar nan. Cikin matsaloli huɗu da kika lissafa, ɗaya ce kaɗai hannunsa ke ciki, ita ma tarko ce da manya masu furfura ke faɗawa kullum. Sauran ukun, ko da ba a taɓa buga wasa ko sau ɗaya a kwamfutar ba, sai sun zo. Kwanan wata ne ya kawo su, kuma zan nuna miki ranakun ɗaya bayan ɗaya don ki samu abin faɗa wa maigida.

Abin da ya kamata ki fara fahimta shi ne fulogin ba ya tsayuwa da ƙafarsa. Yana zaune ne a kan burauza, burauza tana zaune a kan Windows, Windows kuma a kan injin. In rufin ɗaki yana yoyo saboda tushen gini ya zauna, ko sau nawa aka hau aka toshe, da damina ta dawo sai ya sake. Ku kuna ta fama da rufi, alhali a ƙasa matsalar take. Don haka daga ƙasa za mu faro.

Amma kafin ki taɓa komai, ki kwashe kayanki. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma faifan ajiyar da ya shekara fiye da goma yana juyawa ba ya sallama in zai mutu. Ki samu filas mai girma ko faifan ajiya na waje, ki kwafe hotuna da takardu, sannan ki buɗe kaɗan daga cikinsu a wata na'urar ki tabbatar sun kwafu da gaske. Shafukan da kika ajiye a Chrome ma ana fitar da su: ki danna Ctrl da Shift da O tare, a ɗigo ukun da ke sama ki zaɓi "Export bookmarks", zai ba ki fayil guda ki ajiye. Sai kalmomin sirri, waɗanda a ganina su ne mafi gaggawa a duk maganar nan. Yawancin manhajojin ajiye su suna da ta waya, kuma ajiyar tana asusunki, fulogin ƙofa ce kawai. Ki saka manhajar a wayarki, ki shiga da babbar kalmar sirrinki, ki ga komai yana nan. Da kin ga haka, rabin fargabarki ta tafi, tsoron mai gyara ma ya ragu, don ba abin da zai goge da ba ki da kwafinsa.

Yanzu agogo. Kin ambace shi kamar ƙaramin abu, ni kuma shi na fara kamawa. A jikin babban allon da ke cikin kwamfutar akwai wani ɗan batir mai kama da kwabo, lambarsa CR2032, mai ƙarfin bolt 3. Aikinsa ya riƙe lokaci da saitin injin idan an kashe wuta. In ya mutu, kwamfuta takan farka ta ɗauka tana shekarar da aka ƙera ta. Ina ruwan fulogin da wannan? Duk lokacin da burauza za ta sauko da sabuntawa, sai ta duba takardar shaidar tsaro ta wurin da za ta ɗauko, kuma kowace takarda tana da ranar fara aiki da ranar ƙarewa. In kwamfutarki ta ce yau muna 2012, takardar da aka bayar bana a wurinta ba ta ma fara aiki ba, sai ta ƙi karɓa. Ki gyara rana da lokaci da yankin lokaci daga agogon da ke kusurwar ƙasa, ki rufe burauza ki sake buɗewa. Batirin kuma a canja shi: a zare wayar wuta daga soket, a buɗe murfin gefe, a ɗan tura maƙalin ya fito, a sa sabo fuskar da ke da alamar tarawa tana sama. Aikin minti biyar ne. In da ni ce, babban ɗan nan zan sa ya yi, ubansa yana tsaye yana kallo.

Sai batun Flash, inda ruwa ya ɗan yi tsami. Kamfanin Adobe ya daina kula da Flash Player ranar 31 ga Disamba 2020, daga 12 ga Janairu 2021 kuma ya toshe shi gaba ɗaya. Babu wata sabuntawa ta Flash da Adobe ke fitar wa kwamfutocin gida irin taku yanzu. Duk shafin da ya ce ki sabunta shi ƙarya yake, abin da yake miƙo miki manhajar talla ce ko wadda ta fi ta sharri. Dalilin da ya sa tarkon ke kama mutane shi ne shekara da shekaru da gaske Flash yana yawan neman a sabunta shi, hannu ya saba dannawa. Yaro ya ga kwamfuta tana ta kukan sabuntawa, ya ga maɓalli, ya ɗauka taimako yake yi.

Ga yadda za ki share. Ki shiga Control Panel, ki buɗe "Programs and Features", ki danna kan layin ranar sakawa don su jeru daga sabo zuwa tsoho. Duk abin da ya shigo ranar da abin ya faru ko bayanta, wanda ba ku san shi ba, ki cire. Daga nan ki buɗe Chrome, ki rubuta chrome://extensions a wurin adireshi. Ku kun san fulogin uku. In kin ga na huɗu da na biyar, musamman masu sunan bincike ko rangwamen sayayya ko sauke bidiyo, baƙi ne, ki cire su. Akwai wata ƙofar da mutane ke mantawa: izinin aiko da sanarwa. Tallan da ke faɗowa daga kusurwar allo ko da ba ki buɗe shafin komai ba, sau da yawa daga nan yake. Ki rubuta chrome://settings/content/notifications, ki goge duk shafin da ba ki sani ba daga jerin waɗanda aka ba izini. In kuma a ƙasan jerin zaɓin Chrome kika ga an rubuta wai wata ƙungiya ce ke kula da burauzar, alhali kwamfutar gida ce, ko wani fulogin ya ƙi ciruwa, to abin ya yi saiwa a cikin Windows. Nan ne mai gyara ya cancanci a kira shi. Bayan shara, ki canja kalmar sirrin imel da ta duk wani asusu mai muhimmanci da aka shiga a kwamfutar tun ranar, amma daga wayarki za ki canja.

To, ga gundarin tambayarki, dalilin da ya sa Chrome ke cewa fulogin bai dace ba. Microsoft ta janye hannu daga Windows 7 ranar 14 ga Janairu 2020. Google ta ci gaba da lallaɓa shi har shekara uku, sannan a Janairun 2023 ta fitar da Chrome 109, wanda shi ne na ƙarshe ga Windows 7 da 8 da 8.1. Daga 110 zuwa sama sai Windows 10. Ki rubuta chrome://version ki gani da idonki, na tabbata 109 za ki tarar ko ƙasa da haka. Burauzarki ta tsaya cak a nan, su kuma masu ƙera fulogin ba su tsaya ba. Kowane fulogin yana da ɗan fayil a cikinsa inda mai shi zai iya rubuta mafi ƙarancin lambar Chrome da zai yi aiki da ita. Ranar da ya ɗaga lambar ta wuce 109, ke an rufe miki ƙofa. Tsohon da ke hannunki zai ci gaba da aiki har sai uwar garken kamfanin ta daina gane shi, kuma alamu sun nuna abin da ya sami mai ajiye kalmomin sirrinki ke nan. Mai fassara da mai toshe talla na iya jan wasu watanni ko shekaru suna ɗingishi.

Akwai ƙarin wani abu. Google ta sauya tsarin da ake gina fulogin a kai, daga wanda ake kira Manifest V2 zuwa Manifest V3, kuma tun 2024 ta fara kashe na tsohon tsari a sababbin Chrome. Masu ƙera fulogin da yawa sun sake rubuta nasu daga tushe, suna amfani da abubuwan da sai sabuwar burauza ke da su. Saboda wannan nake roƙonki abu guda: kada ki cire fulogin da ke aiki da niyyar sake saka shi. Shawarar "cire ki mayar" ita kowa ke bayarwa, a sabuwar kwamfuta kuma tana aiki. A taki, in kin cire, wataƙila ki je rumbun Chrome ki tarar na tsohon tsarin babu shi, sabon kuma ya ƙi hawa. Kin yi biyu babu.

Abin da za ki iya gwadawa ba tare da asara ba kaɗan ne. A shafin chrome://extensions ki kunna "Developer mode" da ke sama ta dama, maɓallin "Update" zai bayyana, ki danna. In akwai sabuntawar da ta dace da 109, za ta sauko. Ki kuma duba ko an kashe wani fulogin ne saboda sabon salonsa yana neman ƙarin izini, don Chrome yakan dakatar da shi har sai kin amince. Kafin ki amince ki karanta abin da yake nema. Fulogin ma ana sayar da su kamar kowace haja, kuma sabon mai shi na iya zuwa da wata niyya. A Fabrairun 2021 Google ta cire wani sananne mai suna The Great Suspender bayan ya canja hannu aka gano an cusa masa mugun abu. In an gwada waɗannan bai yi ba, ki bar shi. Kada ki bi shafukan da ke raba fayilolin fulogin na tsohon yayi, ko wata Chrome da aka ce an yi wa kwaskwarima ta hau Windows 7. Gudun gara ne a faɗa gidan zago, ballantana a ce kalmomin sirrinki za ki danƙa wa abin da ba ki san wanda ya haɗa shi ba.

Labari mai daɗi yana wajen Firefox, ita da kuka yi wa kallon tsohuwar ajiya. Abin da ya kashe fulogin ɗinta sananne ne, kuma yana da magani. Mozilla, mai ƙera Firefox, tana sa wa kowane fulogin hatimi, burauza kuma tana riƙe da wata babbar takardar shaida da take gwada hatimin da ita. Wa'adin wannan takarda ya cika ranar 14 ga Maris 2025. Duk Firefox da ke ƙasa da 128, ko ƙasa da 115.13 a layin da ake kira ESR, wato mai dogon wa'adin kulawa, ta wayi gari ba ta iya tantance hatimin kowa, sai ta kashe su duka. Ba wannan ne karon farko ba, a Mayun 2019 ma wata takardar ta ƙare aka kashe wa mutane fulogin a faɗin duniya dare ɗaya, har sai da Mozilla ta fito da gyara. Ka ji fa, manyan injiniyoyi ma kwanan wata na yi musu ba-zata, balle yaro ɗan makaranta.

Maganin shi ne Firefox 115 ESR, wadda ita ce ta ƙarshe ga Windows 7, kuma Mozilla ta yi ta ƙara mata wa'adin gyaran tsaro bayan Chrome ta daɗe da tafiya. Bayan kin gyara agogo, ki buɗe Firefox, ki shiga "Help" sannan "About Firefox", ki bar ta ta nemi sabuntawa. In ta daɗe ƙwarai tana iya hawa mataki-mataki, tana neman ki rufe ki buɗe sau biyu ko uku, ki yi haƙuri da ita. In ta ƙi, ki rubuta mozilla.org da hannunki a wurin adireshi, ki sauko da 115 ESR, ki ɗora a kan tsohuwar. Da hannunki na ce, don sakamakon farko a shafin bincike sau da yawa talla ne, kuma a nan masu jabu ke fakewa. Da ta hau, ki rubuta about:addons, ki danna alamar saiti ki zaɓi "Check for Updates". Yawanci fulogin ɗin sukan farfaɗo. In kin buɗe kin ga kamar shafukan da kuka ajiye sun ɓace, kada hankalinki ya tashi, ki duba about:profiles, sau da yawa tsohon saitin yana nan, sabo kawai ta buɗe. Firefox na iya jawo shafukan da kika ajiye a Chrome kai tsaye, kuma har yanzu tana karɓar fulogin na tsohon tsari, shi ya sa uBlock Origin, mai toshe tallan da sabuwar Chrome ta daina ɗauka, yake aiki a cikinta lafiya lau. Fassara da ajiye kalmomin sirri kuma ki duba rumbun Mozilla, zai nuna miki ko salon da ke akwai ya dace da 115.

In bayan duk wannan sabuntawa tana farawa tana katsewa, ki duba ko faifan C ya cika, ki kuma duba manhajar kashe bairos, don wasu tsofaffinsu sukan tsaya tsakanin burauza da intanet su hana saukewa. Ki rage yawan fulogin ma. Kowane ɗaya yana cin RAM, wato ma'adanar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, in kin danna Shift da Esc a Chrome za ki ga wanda ya fi haɗama.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, ba zan ɓoye miki ba. Firefox 115 aron lokaci ne. Windows ɗin da ke ƙarƙashinta ya shekara da shekaru ba a toshe masa ɓaraka ba, don haka daga yau kada a sake shiga banki ko sayayya da kati a kwamfutar nan. Waya mai samun sabuntawa ta fi ta tsaro nesa ba kusa ba. Wani zai ce a ɗora mata Windows 10, to shi ma wa'adinsa ya cika ranar 14 ga Oktoba 2025. Windows 11 kuma yana neman guntun tsaro na TPM 2.0 da injin da ya fi na 2012 sabunta, taku ba za ta cika sharaɗi ba.

Wannan ba ya nufin ta zama shara. In injinta mai bit 64 ne, wanda yawancin na wannan shekarar haka suke, kuma tana da RAM gigabait 4, Linux Mint, wani tsari da ke maye gurbin Windows, zai hau kanta, kyauta ne, fuskarsa ba ta da nisa da Windows 7, kuma yana zuwa da Firefox ta yau da LibreOffice na rubutu. Ana iya gwada shi daga filas ba tare da an taɓa abin da ke cikin kwamfutar ba, ki ga ko firinta da intanet suna aiki kafin ki yanke hukunci. In aka haɗa da canja tsohon faifai zuwa SSD, wato sabon nau'in faifan ajiya mai sauri, za ki rantse sabuwa aka sayo. Inda zai ba ki matsala shi ne idan aikinki ya dogara da wata manhajar da sai Windows, wannan ki bincika tukuna. In haka ne, ki bar wannan ta zama ta rubutu da ajiya, a zare mata intanet, a fara shirin wata.

Shi kuma maigida, kada ki je masa da "ai ba laifin yara ba ne", don zai ji kamar kare su kike yi. Ki bari sai yana zaune hankali kwance, ki buɗe chrome://version ki nuna masa 109, ki gaya masa tun Janairun 2023 kamfanin ya tsayar da ita a nan. Lamba ba ta gardama. Sannan ki nemi a buɗe wa yara asusunsu daban a Windows, irin wanda ba shi da ikon saka manhaja sai da kalmar sirrin babba. Da akwai wannan tun farko, da Flash ɗin jabu ya sha wahalar shiga. Hana su taɓawa gaba ɗaya aikin makarantarsu kawai zai cutar.

Yaron kuma ki kira shi gefe ki gaya masa kuskurensa guda ɗaya ne, kuma ga yadda ake gane irinsa: burauza ba ta neman sabuntawa daga cikin shafi, daga jerin zaɓinta take yi. Ki ba shi aikin kwafe hotunan zuwa filas, in ya gama ku buɗe murfin tare ya ciro batirin.